Yadda René Lévesque ya faɗi zaɓe sau biyu a mazaɓa, kuma ya zama Firimiyan Kebek

Tambaya: Malam, a darasinmu na kwatanta tsarin mulkin ƙasashe na ci karo da labarin wani ɗan majalisar lardi a Kanada mai suna René Lévesque. An ce yana shugaban jam'iyya ya faɗi zaɓen kujerarsa sau biyu a jere, amma daga baya shi ya jagoranci gwamnatin lardin. Ta yaya hakan ke yiwuwa? Mutanensa ne suka juya masa baya, ko maguɗi aka yi masa?

Amsa: Ɗan'uwa, abin da ka karanta gaskiya ne. Lévesque ya tsaya takarar majalisar dokokin lardin Kebek sau bakwai tsakanin 1960 da 1981. Ya ci biyar, ya faɗi biyu, kuma faɗuwar ta same shi ne a 1970 da 1973, daidai lokacin da jam'iyyarsa ke ƙara samun magoya baya. Maguɗi kam an gwada masa, amma a zaɓensa na farko ne, wanda kuma ya ci. Abin da ya kayar da shi daga baya abu biyu ne: irin mutanen da ke zaune a mazaɓar da ya tsaya, da kuma yadda ake lissafin nasara a tsarin zaɓen da Kanada ta gada daga Birtaniya.

Sai ka fara cire tsarin gwamnoninmu na yanzu daga ranka. A lardunan Kanada ba a zaɓen shugaban gwamnati kai tsaye. Mai zaɓe takarda ɗaya ake ba shi, mai ɗauke da sunayen 'yan takarar mazaɓarsa kaɗai. Wanda ya fi kowa ƙuri'a a mazaɓar shi ke da kujera, ko da tazarar ƙuri'a ɗaya ce, sauran ƙuri'un kuwa sun tafi ke nan. Jam'iyyar da ta fi samun kujeru ita ke kafa gwamnati, shugabanta ya zama Firimiya. Dattawanmu sun san wannan tsari tun Jamhuriya ta Farko, lokacin da Sardauna yake Firimiyan Jihar Arewa yana zaune a majalisar Kaduna, ya bar wa Tafawa Ɓalewa zuwa Ikko. Shugabancin jam'iyya kuwa a hannun 'yan jam'iyya yake, su ke bayarwa su ke karɓewa a babban taronsu. Don haka mutum na iya rasa kujerarsa ta majalisa ya ci gaba da riƙe jam'iyya muddin 'ya'yanta na son sa. Kuma kada ka ɗauki majalisar lardi a can a matsayin ƙaramin abu. Ilimi da kiwon lafiya da albarkatun ƙasa duk a hannun larduna suke. Lévesque bai taɓa neman kujerar majalisar tarayya da ke Otawa ba, dukkan rayuwarsa ta siyasa a Kebek ya yi ta.

Kafin siyasa ɗan jarida ne. An haife shi a 1922, ya tashi a ƙaramin garin New Carlisle da ke gaɓar teku, inda masu jin Faransanci ke zama da masu jin Ingilishi, shi ya sa ya ƙware a harsunan biyu. Ya yi aikin aiko da rahoto a Yaƙin Duniya na Biyu tare da sojojin Amurka, ya kuma je Koriya. Amma abin da ya shigar da shi kowane gida shi ne shirin talabijin da ya gabatar daga 1956 zuwa 1959. Mutum ne gajere mai sanƙo, muryarsa a dushe, taba ba ta barin hannunsa. Yakan tsaya gaban allo da alli da taswira, ya ɗauki rikicin Aljeriya ko na mashigin Suwez ya warware wa ma'aikacin masana'anta shi dalla-dalla, ba tare da ya raina hankalinsa ba. Yajin aikin da aka yi a gidan rediyo da talabijin na gwamnatin tarayya a farkon 1959, wanda har 'yan sanda suka kama shi a ciki, shi ya nuna masa yadda Otawa ba ta cika damuwa da abin da ke damun masu jin Faransanci ba. Daga nan ya karkata ga siyasa.

Zaɓen 22 ga Yuni 1960 shi ne na farko. Jam'iyyar Union Nationale ta riƙe lardin tun 1944 a ƙarƙashin Maurice Duplessis, mutumin da ya iya siyasar a-ba-ka-ka-ba-ni: mazaɓar da ta zaɓi gwamnati ita ke ganin kwalta da gada, 'yan kwangila kuma su zuba wa jam'iyya kuɗi a asusun da babu mai ganin cikinsa. Duplessis ya mutu a Satumban 1959, magajinsa Paul Sauvé ya bi shi a Janairun 1960, jam'iyyar ta shiga zaɓe a raunane. Jean Lesage, shugaban jam'iyyar Libaral, ya ba Lévesque tikitin mazaɓar Laurier a arewacin birnin Montriyal, wadda take hannun jam'iyya mai mulki.

A nan ne aka yi masa dabarar da ka tambaya. Aka samo wani mutum shi ma mai suna René Lévesque aka tsayar da shi takara a mazaɓar, domin mai zaɓe ya buɗe takarda ya ga suna iri ɗaya sau biyu ya rikice. Dabarar ta kusa aiki. Takwaran nasa ya kwashi ɗaruruwan ƙuri'u, shi kuwa ainihin Lévesque da ƙyar da jiɓin goshi ya tsira da tazarar ƙuri'a 129. 'Yan banga ma ba a bar su a baya ba a wancan zaɓen, har sai da wani sanannen ɗan kokawa, Johnny Rougeau, ya riƙa yi masa rakiya da mutanensa. Libaral ta ci kujeru 51 cikin 95. Ka dubi ƙanƙantar wannan tazara da kyau. Mutumin da duk lardin ya san fuskarsa, a shekarar da guguwar canji ke kaɗawa, ƙuri'a 129 ce ta shigar da shi majalisa. Suna a talabijin daban, ƙuri'ar unguwa daban.

Lesage ya ba shi ma'aikatar albarkatun ruwa, daga baya ta albarkatun ƙasa, kuma a nan ya yi aikin da har yau ake tuna shi da shi. Wutar lantarkin yawancin lardin tana hannun kamfanoni masu zaman kansu, manyan ma'aikatansu masu jin Ingilishi ne, farashi kuma ya bambanta daga yanki zuwa yanki, inda yankunan nesa ke biyan tsada a kan wutar da ba ta da ƙarfi. Lévesque ya dage sai gwamnati ta saye su ta haɗe da kamfanin wutar lantarki na gwamnatin lardin, Hydro-Québec. Abokan aikinsa da dama a majalisar ministoci ba su so ba. Da gardama ta ƙi ƙarewa, Lesage ya yanke shawarar a kai maganar gaban jama'a, aka kira zaɓen gaggawa ranar 14 ga Nuwamba 1962 da taken mu ne masu gida a gidanmu. Lévesque ya ɗauki allonsa ya zagaya gari-gari yana lissafa wa mutane kuɗin da za a kashe da ribar da za a samu. Libaral ta ƙaru zuwa kujeru 63, shi ma ya koma kujerarsa cikin sauƙi. A 1963 aka saye kamfanonin a kan kusan dala miliyan 600 na Kanada, da taimakon bashin da aka ciyo a Niyok.

A zaɓen 5 ga Yuni 1966 ya sake cin Laurier, amma jam'iyyarsa ta faɗi, kuma yadda ta faɗi ya kamata ya zame masa gargaɗi. Libaral ta samu kashi 47 cikin 100 na ƙuri'u, Union Nationale ta Daniel Johnson ta samu kusan kashi 41, amma Johnson ne ya kafa gwamnati da kujeru 56 a kan 50. Ƙuri'un Libaral sun taru ne jingim a Montriyal inda take cin kujera da tazara mai yawan da ba ta buƙata, ita kuwa Union Nationale tana tsintar ƙananan mazaɓun karkara ɗaya bayan ɗaya.

Zaman adawa ne ya ba shi sararin tunanin da ya sauya rayuwarsa. Ya kai ga matsayar cewa Kebek, inda kusan mutum huɗu cikin biyar Faransanci ne harshensu, ta zama ƙasa mai cin gashin kanta, amma ta ci gaba da haɗa tattalin arziki da kuɗi da sauran Kanada. Ya kai wannan shawara babban taron Libaral a Oktoban 1967, aka ƙi ko tattauna ta yadda ya kamata, ya tashi ya fice daga zauren da 'yan mutane kaɗan a bayansa. Ya ci gaba da zama a majalisa a matsayin ɗan indifenda. A Oktoban 1968 ƙungiyar da ya kafa bayan ficewarsa ta haɗe da wata ƙaramar jam'iyya aka kafa Parti Québécois, wadda ake taƙaitawa PQ, shi ne shugabanta na farko. Masu karatu daga Nijar za su so sanin cewa wannan taƙaddama ta kai har Yamai: a taron da Shugaba Diori Hamani ya karɓi baƙuncinsa a Maris na 1970, inda aka kafa hukumar haɗin kan ƙasashe masu magana da Faransanci, an sha jayayya kan matsayin da Kebek za ta zauna da shi, kuma ɗan Kebek ne, Jean-Marc Léger, ya zama babban sakatarenta na farko.

Wata guda bayan wannan taro aka yi zaɓen 29 ga Afrilu 1970, kuma a nan ne zuciyar tambayarka take.

Laurier mazaɓa ce mai cike da iyalan baƙi, musamman 'yan asalin Italiya da Girka, ga kuma masu jin Ingilishi. Waɗannan mutane Kanada suka yi hijira zuwa gare ta, da yawansu makarantun Ingilishi suke kai 'ya'yansu, kuma maganar ɓallewa tsoro take ba su. Sun zaɓi Lévesque sau uku yana ɗan Libaral, mai kawo wuta da gyaran gwamnati. Da ya dawo musu da tutar raba ƙasa, sai suka tsaya a jam'iyyar da suka saba, suka zaɓi André Marchand na Libaral. A ganina ba daidai ba ne a ce sun ci amanarsa. Shi ne ya sauya sheƙa, su suna nan inda suke, kuma suna da dalilinsu. Ko da zai rinjayi masu jin Faransanci na mazaɓar, ba zai isa ba, domin ɗaya ɓangaren kusan baki ɗaya suke kaɗa ƙuri'a wuri guda.

An kuma yi amfani da tsoro sosai a wannan zaɓe. Kwanaki kaɗan kafin ranar, da sassafe, jerin motocin ɗaukar kuɗi masu sulke na kamfanin Brink's suka tashi daga Montriyal zuwa lardin Ontariyo ɗauke da takardun hannun jari, masu ɗaukar hoto kuma suna wurin. Saƙon a fili yake: ku zaɓi masu raba ƙasa, dukiya ta gudu. Robert Bourassa, sabon shugaban Libaral mai shekara 36, shi kuwa alkawarin ayyuka 100,000 ya yi ta yi.

Ga yadda sakamakon ya fito. PQ ta samu kashi 23 cikin 100, ita ce ta biyu a yawan ƙuri'u, amma kujeru 7 kacal ta samu cikin 108. Union Nationale da ta biyo bayanta a ƙuri'a ta samu 17. Wata jam'iyyar karkara da ba ta kai rabin ƙuri'un PQ ba ta samu 12. Libaral ta kwashe 72. Dalilin shi ne magoya bayan PQ a warwatse suke ko'ina a lardin, matasa da malaman makaranta da 'yan ƙwadago, suna zuwa na biyu a mazaɓu da yawa, na biyu kuwa ba shi da kujera. Kamar ruwan sama ne da ya yi yayyafi a faɗin gona, ko'ina ya jiƙe amma babu inda ya taru har a ɗiba. Inda ƙuri'unsu suka taru, wato unguwannin ma'aikata masu jin Faransanci a gabashin Montriyal, nan suka ci shida daga cikin kujeru bakwai ɗin.

Akwai al'ada a Kanada idan shugaban jam'iyya ya faɗi: wani ɗan majalisa mai kujerar da babu shakka a kanta yakan sauka, a yi zaɓen cike gurbi shugaba ya shiga. Bourassa kansa ta wannan ƙofa ya koma majalisa a Janairun 1986, bayan jam'iyyarsa ta ci zaɓe shi kuma ya faɗi a mazaɓarsa. Lévesque bai shiga ta nan ba. Shekara shida ya yi a waje, Camille Laurin na jagorantar 'yan majalisar jam'iyyar da farko, shi kuma yana rubuta sharhi a jarida yana samun na cefane. Cikin waɗannan shekaru ne, a Oktoban 1970, wata ƙungiyar 'yan tawaye ta sace jami'in diflomasiyyar Birtaniya James Cross, ta kuma kashe ministan ƙwadago na lardin Pierre Laporte, gwamnatin tarayya ta Firaminista Pierre Trudeau ta kafa dokar ta-ɓaci, aka kama ɗaruruwan mutane ba tare da tuhuma ba. Lévesque ya yi Allah wadai da kisan, ya kuma soki kame-kamen. Tsayawa a tsakiyar nan ba abu ne mai sauƙi ba, kuma jam'iyyar ta yi asarar mambobi a lokacin.

A zaɓen 29 ga Oktoba 1973 ya koma mazaɓar Dorion, ita ma a Montriyal, ya sake faɗi, wannan karon da 'yar tazara, a hannun Alfred Bossé na Libaral. Ƙuri'un PQ sun haura zuwa kashi 30 cikin 100, kujerunta kuwa suka ragu zuwa 6 cikin 110. Libaral ta samu 102. Wanda bai san lissafin ba zai rantse an yi aringizo. Abin da ya faru shi ne Union Nationale ta ruguje, ko kujera ɗaya ba ta samu ba, masu tsoron ɓallewa suka dunƙule a bayan Bourassa har ya haura kashi 54. A 1970 abokan hamayyar PQ kashi uku suke, a 1973 sun kusa zama ɗaya. PQ ma ta taimaka wa abokan gabarta, domin ta fitar da kasafin kuɗin shekarar farko ta ƙasar Kebek mai 'yanci, aka bar maganar gazawar gwamnati aka koma gardama kan alƙaluman ƙasar da ba a kafa ba tukuna.

Wannan ne lokacin da ya fi kusa da barin siyasa. Wasu daga cikin 'yan majalisar jam'iyyar shida sun fara ganin cewa mutumin da ya kasa cin mazaɓa sau biyu bai kamata ya riƙa ba su umarni daga waje ba, kuma maganar ya sauka ta fito fili. Abin da ya riƙe shi, a fahimtata, shi ne yadda aka gina jam'iyyar. PQ ba ta dogara da attajirai ko 'yan kwangila ba. Mambobinta ne ke bi gida-gida suna sayar da katin jam'iyya suna tara 'yan daloli. Da a ce wasu iyayen gida biyu ko uku ne ke ɗaukar nauyinta, da tun faɗuwar farko sun nemi wani dokin. Dubban talakawan da suka sa kuɗinsu kuwa saboda shi da manufarsa suka sa, kuma su ne masu ƙuri'a a babban taro. Wannan shi ne amsar yadda ya ci gaba da shugabanci ba shi da kujera.

Abubuwa biyu ya gyara kafin zaɓe na gaba. Na farko, a babban taron 1974 jam'iyyar ta karɓi shawarar wani jigonta, Claude Morin, cewa a raba zaɓen gwamnati da maganar 'yanci: ku zaɓe mu mu yi muku mulki nagari, batun ɓallewa kuwa sai an tambaye ku daban a ƙuri'ar raba gardama. Masu zafin ra'ayi sun ga kamar ja da baya ne, amma hakan ya buɗe ƙofa ga wanda ya gaji da Bourassa alhali bai shirya barin Kanada ba. Na biyu, ya bar tsibirin Montriyal ya tsallaka kogi zuwa mazaɓar Taillon da ke yankin Longueuil, inda kusan kowa mai jin Faransanci ne, ma'aikata da matasan iyalai. Wasu za su kira wannan gudun fage. Ni ban ga laifinsa ba, illa ma jinkirin da ya yi. Dokarsu ba ta tilasta wa ɗan takara zama ɗan asalin mazaɓa ba, kuma shugaban da ke yawon kamfe a lardi mai faɗin Kebek ba shi da lokacin tsare unguwar da rabin mutanenta ba za su taɓa zaɓarsa ba.

Ranar 15 ga Nuwamba 1976 lissafin da ya cuce shi sau biyu ya juyo ya yi masa aiki. Gwamnatin Bourassa ta gaji, ga zarge-zargen almundahana, ga tsadar wasannin Olamfik da aka yi a Montriyal a shekarar, ga yaje-yajen aiki. Dokar harshe da Bourassa ya kafa a 1974 ta fusata kowa: masu jin Faransanci suna ganin ba ta isa ba, masu jin Ingilishi da baƙi suna ganin ta yi yawa. Da yawa daga cikin waɗannan suka huce haushinsu ta hanyar zaɓen Union Nationale, wadda ta farfaɗo ta samu kusan kashi 18. Abokan hamayya suka sake rabuwa ke nan. PQ da kashi 41 cikin 100 ta kwashe kujeru 71 cikin 110, Libaral ta tashi da 26. Ƙarin maki 11 a ƙuri'a ya mai da kujeru 6 zuwa 71. Lévesque ya ci Taillon da tazara mai yawan gaske, Bourassa kuwa ya rasa tasa kujerar ta Mercier a hannun wani mawaƙin baiti, Gérald Godin, wanda yana cikin waɗanda aka tsare a kamen 1970. A daren, gaban dubban magoya baya da ke kuka da murna, da muryar nan tasa a dushe, Lévesque ya ce bai taɓa zaton zai yi alfahari da zamansa ɗan Kebek kamar wannan dare ba.

Cikin dokokin gwamnatinsa, wadda duniya ta fi sani ita ce ta harshe ta 1977, da ta mai da Faransanci harshen aiki da kasuwanci, ta kuma tura 'ya'yan baƙi makarantun Faransanci. An yi inshorar haɗarin mota ta gwamnati, an yi dokar kare gonaki daga masu yanka filaye. Amma wadda ta fito kai tsaye daga wahalar da ya sha a fagen zaɓe ita ce dokar kuɗin jam'iyyu ta 1977, wadda minista Robert Burns ya gabatar. Ta hana kamfanoni da ƙungiyoyin ƙwadago ba jam'iyya ko sisi. Mai ƙuri'a kaɗai ke iya bayarwa, daga aljihunsa, kuma kada ya wuce dala 3,000 a shekara, duk abin da ya haura dala 100 kuma sai an bayyana sunan mai bayarwa. Mutumin da ya fara siyasa yana fuskantar asusun ɓoye na zamanin Duplessis ya rufe wannan asusu da doka. Daga baya an samu masu zagaye ta, kamfani ya raba wa ma'aikatansa kuɗi su bayar da sunayensu, shi ya sa aka yi ta rage adadin har ya dawo dala 100 a shekara. Duk da haka, idan aka ce in zaɓi abu ɗaya da ya cancanci ɗalibin siyasa ya yi nazarinsa a tarihin mutumin nan, wannan dokar zan nuna.

Ƙuri'ar raba gardamar da ya yi alkawari an yi ta ranar 20 ga Mayu 1980, kuma ya sha kaye: kusan kashi 60 cikin 100 suka ce a'a. A nan babu mazaɓa, babu rabuwar abokan hamayya, kowace ƙuri'a daidai take da 'yar'uwarta, sai ainihin ƙarfin manufarsa ya bayyana, kashi 40. Ya karɓi sakamakon a daren, ya ce wa magoya bayansa idan ya fahimce su da kyau, cewa suke yi sai wani karo. Kowa ya ɗauka gwamnatinsa ta ƙare. Sai ga shi a zaɓen 13 ga Afrilu 1981 ya samu ƙuri'un da bai taɓa samu ba, kashi 49 cikin 100 da kujeru 80 cikin 122, ya kuma koma Taillon. Mutanen da suka ƙi ba shi ƙasa sun yarda su sake ba shi gwamnati, kuma wannan ya tabbatar da cewa raba tambayoyin biyu da aka yi a 1974 ya dace da abin da ke zukatan jama'a.

Zangonsa na biyu bai yi daɗi ba. A Nuwamban 1981 gwamnatin tarayya da sauran larduna tara suka cimma yarjejeniyar sabon tsarin mulki ba tare da shi ba, kuma har yau Kebek ba ta sa hannu a kai ba. Karayar tattalin arziki ta sa ya zaftare albashin ma'aikatan gwamnati, waɗanda su ne ƙashin bayan jam'iyyarsa. A 1984 ya ce a jingine maganar 'yanci a gwada sulhu da sabon Firaministan Kanada Brian Mulroney, sai manyan ministocinsa, ciki har da Jacques Parizeau da Camille Laurin, suka ajiye aiki. Ya sanar da saukarsa a Yunin 1985, ya miƙa mulki a Oktoba, bai sake tsayawa takara ba. Ya mutu ranar 1 ga Nuwamba 1987. Kujerarsa ta Taillon daga baya Pauline Marois ta riƙe ta shekaru da dama, wadda ta zama mace ta farko da ta yi Firimiyar Kebek a 2012.

Akwai abin da nake ganin gazawarsa ce, kuma ya shafi tambayarka kai tsaye. Bayan 1970 da 1973 babu wanda ya kai shi sukar wannan tsarin zaɓe, kuma jam'iyyarsa ta rubuta a manufofinta cewa za ta kawo tsarin raba kujeru gwargwadon ƙuri'u. Da ya hau mulki har ministan gyaran zaɓe ya naɗa, aka fitar da takardar shawarwari. Maganar ta mutu a hannun 'yan majalisarsa, waɗanda tsohon tsarin ne ya kawo su, kuma babu mai son a taɓa mazaɓar da ya ci. Shekara tara yana da rinjaye bai iya tursasa su ba. Har yanzu da wannan tsari Kebek ke zaɓe. A 2022 wata jam'iyya mai suna Coalition Avenir Québec ta samu kujeru 90 cikin 125 da kashi 41 cikin 100. PQ ta ɗara Libaral ƙuri'a da kaɗan, kowaccensu tana da kashi 14 da ɗoriya, amma Libaral ta samu kujeru 21 saboda ƙuri'unta a tare suke a yammacin Montriyal, jam'iyyar da Lévesque ya kafa kuwa ta tashi da 3.